Masunta, ku raba gwangwanin koto da dalmar batir

Tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008 ƙananan yara 18 suka mutu a unguwar Ngagne Diaw da ke Thiaroye-sur-Mer, a gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma, daga nan sai rai ya yi halinsa. Da farko an zargi sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Da aka auna jinin 'yan uwan mamatan da iyayensu mata, sai aka tarar dalma ce. Shekara da shekaru ana fasa tsofaffin baturan mota a unguwar, ana narka dalmarsu, ana zuba ta a yi wa taru nauyi, ƙurar kuwa tana taruwa a cikin rairayi. Da dalma ta yi tsada, mata suka shiga tankaɗe rairayin nan a tsakar gida suna tsince ɓurɓushinta don sayarwa, goyo a baya, masu rarrafe a gefe. Tawagar Hukumar Lafiya ta Duniya ta je a 2008 ta auna mutum 81, kuma babu ko ɗaya da ba a tarar da gubar dalma a jikinsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne masifar nan daga kayan su ta faro.

Shi ya sa a aikinmu na kula da masunta ba na sassauci a kan gwangwanin sauke koto. Haɗa shi da hannu dabara ce mai kyau, ina goyon bayanta. A ruwa mai gudu, dusar da aka watsa daga sama ba ta isa inda tarwaɗa take kwance. Gwangwani mai huji da murfi da sandar waya yana kai koton har ƙasa, nauyin ya bugi yashi, sandar ta ɗaga, murfin ya buɗe dab da ƙugiya. Ɓarnar tana wajen nauyin. Mutum ya fasa batir a ƙofar gida, ya tsiyaye ruwansa a kwata, ya ɗora dalma a kan murhun da za a dafa tuwon dare. Wasu ma har sana'a suka mai da abin, suna zubawa a bakin kasuwa kusa da mai ƙosai, kuma idan ka yi magana su ce ka cika tsoro.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce dalma ta fi nauyi. Gaskiya ne, ta ninka ruwa nauyi sau 11.3, ƙarfe kuwa sau 7.9. Amma hakan na nufin guntun rodi ya ɗan fi girma da kusan rabi, shi ke nan. A birgi, inda ake son ƙananan nauyi jere a bakin raga, ana iya jayayya. A gwangwanin da ake saukewa da igiya babu wata jayayya: manyan notina biyu ko guntun rodi sun isa su tura sandar, kuma ƙarfe ba ya lotsewa idan ya bugi dutse. Wai zai yi tsatsa? Gwangwanin kansa zai riga shi lalacewa.

Ana kuma cewa ai ɗan kaɗan ne, kuma iyayenmu sun yi ba abin da ya same su. Dalma ba ta ruɓewa. Abin da aka narka bara yana nan a ƙurar tsakar gida, na bana ya hau kansa, yadda ya faru a Ngagne Diaw. Babu wani adadinta a jinin yaro da likitoci suka ce ba shi da illa, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin zuƙe ta. Wanda bai mutu ba yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa, a yi ta dukansa a makaranta ana cewa daƙiƙi ne. Mu da muka ga Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a gidaje, ba mu da uzurin rashin sani. Ga kuma wadda igiya ke tsinkewa ta bari a gindin kogi. Ingila ta haramta ƙananan nauyin fatsa na dalma tun 1987 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiyewa suna mutuwa.

Kada a fasa batir a gida. Kada a narka dalma a murhun girki, ko a tukunyar da za ta koma kicin. Kada a danne dalma da haƙori, kada a bar yaro ya yi wasa da ita. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Sarakunan ruwa su sa baki, domin maganarsu ta fi tamu shiga. Gidan da aka daɗe ana narka dalma a cikinsa kuwa, a kai yaransa asibiti a auna jininsu tun ba su fara jijjiga ba.