DARASI: RUWAN DA KE RAGE JINI A ƁOYE

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani sinadari ne da ake kira fulorayid, wanda malaman asibiti na ɓangaren Faransanci ke ce wa fuluwor. Ba shi da wari, ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano. Yana fitowa ne daga wasu duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya narke cikin ruwa, shi ya sa ya fi yawa a ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, fiye da ruwan gulbi ko na sama. Kaɗan ɗinsa yana da amfani ga haƙori, har cikin man goge baki ana sa shi. Yawansa ne matsala, kuma ba ya nuna kansa sai an daɗe ana sha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda ta ruwan sha. Wanda ya san Tibirin Gobir kusa da Maraɗi ya san abin da wuce wannan iyaka ke jawowa. Daga 1985 garin ya shiga shan ruwan wani foraj da fulorayid ɗinsa ya ninka ƙa'ida sau uku zuwa huɗu. Yara dubbai haƙoransu suka rine, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Ba Tibiri kaɗai ba. Akwai irin wannan ruwa a yankin Mayo Tsanaga na arewacin Kamaru, da Kaltungo da Langtang a Nijeriya, da Bongo a arewacin Gana. Da yawa daga cikinmu sun bi waɗannan wurare da shanu.

To, kowa haƙori da ƙashi yake gani. Mu yau jini za mu duba, domin shi ne ba a gani.

In mutum ko dabba ta sha ruwan, ciki da hanji suna tsotse yawancin sinadarin ya shiga jini, cikin awa guda ya kai ƙololuwarsa. Amma ba ya zama a jinin. Ƙoda ta fitar da wani kaso ta fitsari, sauran ya tafi ya maƙale a ƙashi. A babba kusan rabi ne ke zama, a yaro ko maraƙi da ƙashinsa ke girma ya fi haka. Kashi 99 cikin 100 na fulorayid ɗin da ke jiki a ƙashi da haƙora yake. Saboda haka awon jini abin da aka sha jiya da yau ya fi nunawa, awon fitsari da na ruwan rijiyar sun fi faɗin gaskiya.

Ta yaya ke nan yake taɓa jini, tunda wucewa kawai yake? A nan ne darasin yake. A ɓargo ake ƙera jini, ɓargo kuwa a cikin ramin ƙashi yake zaune. Fulorayid in ya taru shekara da shekaru sai ƙashi ya yi kauri, ya tsiro ta waje, ya cike ta ciki, ramin ɓargo ya matse. Maƙera ta ƙuntata, aikin da ke fitowa daga cikinta ya ragu. Bayan wannan, yana ɓata fatar cikin hanji inda ake tsotse sinadarin ƙarfe da sauran abin gina jini, yana kuma raunana fatar jajayen ƙwayoyin jinin su riƙa mutuwa kafin lokacinsu. Sannan yana kama kalsiyam, sinadarin da ƙashi da jijiyoyi ke buƙata, ya rage shi a jini, jiki ya koma yana kwasowa daga ƙashi don ya cike gurbin. Wanda ƙodarsa ke da rauni abin ya fi yi masa yawa, domin ƙofar fita ta ƙuntata.

A wajen saniya akwai wata hanya da ta fi waɗannan duka sauƙin ganewa: baki. Haƙoran da suka tsiro cikin wannan ruwa suna da taushi, suna cinyewa ba daidai ba, wani dogo wani gajere. Saniya ta kasa tsinkar ciyawa, ta kasa tuƙa yadda ya kamata, ruwan sanyi ma sai ta riƙa lasa kamar kare saboda zafin haƙori. Ƙafa na ciwo, ba ta bin garke zuwa inda kiwo yake. Dabbar da ba ta ci, ina za ta sami jini? Likitocin dabbobi a Indiya da Maroko, inda makiyaya ke kiran cutar darmus a yankunan da ake haƙar fosfat, sun sha auna irin waɗannan dabbobi su tarar jininsu ya gaza na takwarorinsu. A mutane ƙarancin jinin yakan zo a hankali, kuma ya fi kama mai ciki da yaron da abincinsa bai isa ba.

Mu yi lissafi irin namu na kara. Sa a bazara ya sha lita 40, kowace lita da miligiram 6, ya kwashi miligiram 240 ke nan a yini. Ɗan kora da ke biye da shi cikin rana ya sha lita 5, ya kwashi 30. Hukumar Lafiya ta ce daga miligiram 14 a yini haɗarin lalacewar ƙashi a bayyane yake ga mutum in aka daɗe. Kwana biyu a zango ba ya yin komai, kada wani ya tsorata ya bar shanu da ƙishi. Abin tsoro shi ne gidan da muke kiwata maruƙa, da rijiyar da 'ya'yanmu ke sha tun suna goye.

Inda abin ke cin aljihunmu kuwa wajen magani ne. Mu dai da mun ga saniya ta rame, fatar idonta ta yi fari, sai mu ce sammore ne, a kawo allura. Ba ta tashi ba, mu ce hanta ce, a ɗura mata magani. Sau da yawa hakan ne, sammore da ciwon hanta da tsutsar ciki da kaska su ne manyan masu shan jinin shanu, kuma su za a fara nema. Amma in an yi duk wannan ba ta murmure ba, a buɗe baki. Haƙora masu ɗigon ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, masu ramuka, da ɗingishin da yau yana wannan ƙafa gobe yana waccan, da kumburi mai tauri a ƙwabri ko muƙamuƙi ko haƙarƙari, in suka haɗu, kuɗin allura asara ne. Malamin dabbobi na iya auna kaurin jini, na saniya mai lafiya tsakanin 24 ne da 46 cikin 100.

Wani abu kuma, mu da haƙori muke sanin shekaru. Wannan cuta takan sa karsana mai shekara huɗu ta yi bakin guzuma. Mai saye da ya sani zai gane ba tsufa ba ne, amma kuma ba sa'a ya yi ba, domin haƙorin da ya lalace ba ya gyaruwa. Irinta ta mahauta ce, ba ta kiwo ba. Naman da nonon ba su ɗaukar sinadarin sai kaɗan, ana ci ana sha. Wanda zai sayar wa mai neman ta haihuwa kuwa ya faɗi aibin, duk mun san hukuncin ɓoye shi a ciniki.

Ba ruwa kaɗai ba ne hanyarsa. Garin dutsen fosfat ɗanye yana da fulorayid kashi 3 zuwa 4 cikin 100, kada a zuba shi a gishirin lasa, sai wanda aka tace don dabbobi. Irin kanwar Tanzaniya da suke kira magadi an tabbatar tana ɗauke da shi da yawa, saboda haka a garin da haƙoran yara suka rine a sassauta kanwa a tukunya. Ganyen shayi ma yana tara shi, mu kuwa mun san yadda muke dafa na farko har ya yi baƙi ƙirin.

Tafasa ruwa ba ya fitar da shi, sai ma ya ƙara masa ƙarfi tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi. Tata da ƙyalle ma ba ta yi. Abin da ke kama shi, abin mamaki, ƙashin shanu ne da aka ƙona ya zama gawayi aka daka, da shi ake tace ruwa a Nakuru ta Kenya. A Indiya suna amfani da alam da farar ƙasa, kuma masu bincike a Haidarabad sun ga cin tsamiya na ƙara fitar da shi ta fitsari. Kunun tsamiya da nono dai ba baƙinmu ba ne. Amma babban magani canza ruwa ne, ko a gauraya na foraj da na sama. In aka canza, jini yakan farfaɗo cikin watanni, ƙashi yana saki a hankali cikin shekaru.

Shawararmu ga shugabannin rassa ita ce, duk kara ko zangon da ke da foraj a ɗebi ruwansa a gorar roba mai tsabta a kai ofishin ma'aikatar ruwa, a ce musu fulorayid ake so a auna, a karɓo sakamakon a rubuce. Maruƙa 'yan ƙasa da shekara uku da yaran gida su za a fara ba ruwan da ya fi kyau in bai isa kowa ba.