DARASI: TSARIN SAUKAR DA WANDA YA RASA MUHALLI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya gidaje su zama wurin natsuwa ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, babu ɗayanmu da bai ga mutum ya kwana yana da gida ya wayi gari ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa ba. A watan Satumba na 2020 kogi ya ɓalle madatsa a Yamai, ruwa ya cinye unguwanni irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoy, aka zuba iyalai cikin makarantun boko. A damanar 2024 ambaliya ta taɓa mutane fiye da miliyan ɗaya a ƙasar nan, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi, har aka ɗage buɗe makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Mutanenmu ba su rowa a irin wannan lokaci, wannan mun shaida. Abin da ke ƙaranci shi ne tsari: wani ya karɓi tabarma da hatsi a masallatai uku, wata gwauruwa mai marayu kuwa ba wanda ya rubuta sunanta, domin kunya ta hana ta fitowa.

To, yaya magabata suka yi? Lokacin da Muhajirai suka iso Madina a shekara ta 622 ta miladiyya, sun baro gidajensu a Makka. Allah ya yabi Ansaru cikin Suratul Hashri, aya ta 9, bisa fifita baƙinsu da suka yi a kan kawunansu. Sai dai wannan karamci yana da tsari. Buhari ya ruwaito daga Ummul Ala'i cewa Ansaru ƙuri'a suka yi wajen raba masaukin Muhajirai, Usmanu ɗan Maz'unu ya faɗo cikin rabon gidansu. Sannan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsu mutum da mutum, kamar Abdurrahmani ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Waɗanda ba su da kowa kuma aka ba su Suffa a masallaci, ana rarraba su ga gidaje don cin abinci gwargwadon ƙarfin kowane gida. Watau kowane baƙo an san wanda ya ɗauki nauyinsa da suna.

Amma darasin da ya fi kusa da halinmu shi ne na shekarar toka, shekara ta 18 bayan hijira, zamanin Sayyadina Umaru, Allah ya yarda da shi. Fari ya tsananta a Hijaz, mutanen ƙauye suka kwararo suka sauka kewaye da Madina. Ibnu Sa'ad ya kawo cikin Ɗabaƙat cewa Umaru ya naɗa mutane, kowa da ɓangaren gari da yake kula da shi, in dare ya yi su taru wurinsa su ba shi labarin abin da suka gani. Ya sa aka ƙirga masu cin abincin dare a wurinsa, aka sami mutum 7,000. Bai tsaya nan ba: ya ce a ƙirga iyalan da ba su zuwa, da marasa lafiya, da yara, aka sami 40,000. Mu tsaya a kan wannan, ƴan'uwa. Waɗanda ba su zo ba sun ninka waɗanda suka zo fiye da sau biyar. Da halifa ya dogara ga wanda ya iya kawo kansa bakin akushi, da mafi yawan mabuƙata sun halaka cikin bukkokinsu. Haka yake har yau: mai ƙarfi da mai baki su ke cika layi, tsoho da makaho da mai jego suna can inda ruwa ya bar su.

Kuma Umaru ya rubuta wa gwamnoninsa na nesa, ayarin abinci ya zo daga Sham ta hannun Abu Ubaida, ya kuma zo ta hannun Amru ɗan Asi. Da ruwan sama ya sauka, ya sa aka mai da mutane yankunansu da guzuri da abin hawa.

Wani zai ce, ai zakka ba a fitar da ita daga garin da ta wajaba. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani: asali a raba ta inda ta wajaba ko kusa da nan, abin da bai kai tafiyar ƙasaru ba, amma in akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a nesa, sai a kai musu mafi yawanta. Yaya mutanen Tawa za su san na Maraɗi sun fi su buƙata in babu wanda ya ƙirga, babu wanda ya sanar? Hukuncin kansa yana neman bincike da aike tsakanin garuruwa. Haka matafiyin da guzuri ya yanke masa, wanda ke cikin kashi takwas na Suratut Tauba, aya ta 60, yana da hakki a garin da ya maƙale ko da mawadaci ne a garinsu, muddin bai sami mai ba shi rance ba.

Mun ga misali a jahar Maraɗi. Daga 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, ƙauyukan bakin iyaka na yankin Gidan Rumji suka sauke su cikin gidajensu kafin kowace hukuma ta iso, har rumbunan masu masauki suka ƙare. Daga baya gwamnati da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi musu rajista, aka matsar da wasu nesa da iyaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda baƙi da ƴan gari ke amfani da rijiya ɗaya da likita ɗaya. Tun Disamba 2018 ma Nijar ta kafa dokar kare waɗanda suka rasa matsuguninsu a cikin gida. Doka ba ta shiga lungu da ƙafarta, sai da mutanen da suka san lungun.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai da rassan ƙungiya a kowace jaha su riƙe littafi ɗaya a unguwa, maimakon kowane masallaci da nasa. A fita a bi mutane inda suke, a haɗa da mata cikin masu binciken, domin akwai abin da mace ba ta gaya wa namiji. Tambayoyin su zama iri ɗaya ko'ina: mutum nawa ne, akwai maras lafiya ko mai ciki, mene ne sana'ar maigida, ina danginsu suke. Wanda ya fi rauni shi ake fara saukarwa, ko da shi ya zo ƙarshe, ko da ba ɗan gari ba ne, ko da ba ya bin malaminmu. Wannan na ƙarshe mun san yana da nauyi ga wasu, amma Umaru bai tambayi kowa ƙabilarsa ba kafin ya ƙirga shi.

Wajen ba da masauki a shawarci mai shi. Mai noman rani a bakin kogi in an kai shi tudu mai nisa babu gona babu kasuwa, ba ya daɗewa zai koma cikin kwarin da ruwa ya kore shi. In iyali sun zaɓi komawa wurin danginsu a wata jaha, reshen da ya sallame su ya ba su takarda, ya kuma kira reshen can ta waya tun kafin su hau mota, a faɗa musu sunan wanda zai tarbe su a tasha. Littafin nan amana ne: ba a karanta sunayen mutane a lasifika, ba a ɗaukar hotonsu suna karɓar sadaka. A miƙa adadin ga mai unguwa da ma'aikatar magajin gari don kada aiki ya ci karo da na hukuma, kuma a buɗe littafin tun kafin ruwan farko, a rubuta gidajen da ke da ɗaki ko zaure da za su iya bayarwa, da tsawon lokacin da za su iya.

Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.