Dawaki Dubu a Cikin Inji Ɗaya: Yadda Ake Haɗa Injin Tsere Ya Yi Ƙarfi Bai Buga Ba

Shafin kimiyya da fasaha na wannan mako ya leƙa garejin masu haɗa injin motocin tsere. Kafin mu shiga, sai mun san mudun da ake awo da shi. Ana auna ƙarfin inji da abin da ake kira ƙarfin doki, ma'aunin da James Watt, mutumin Sikotilan, ya fito da shi don ya nuna wa masu sayen injinsa na tururi yawan dawakin da injin zai hutar. Doki ɗaya daidai yake da wat 746, wato wat ɗin nan da muke lissafi da shi a darasin fiziks. Ƙaramin janareton da ake kunna wa masu aski bai cika ba da wutar da ta kai doki ɗaya ba. Babur ɗin 'yan acaba yana wajen doki 8 zuwa 10. Amma akwai injin mota guda da ake kiyasta ƙarfinsa ya kai doki 11,000, kuma za mu zo kansa.

Mutane da yawa sun ɗauka fetur ne sirrin ƙarfi, a ƙara mai a ƙara gudu. Ba haka abin yake ba. Tura fetur cikin inji ba wuya. Iska ce ke da wuyar samu. Kafin giram 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana bukatar kusan giram 14.7 na iska. In an zuba man da ya fi ƙarfin iskar da ke ciki, sai dai baƙin hayaƙi da filogi mai kunkunniya. Saboda haka duk wanda ke neman ƙarfi, tambaya ɗaya ce a gabansa: ta yaya zan shigar da iska mai yawa cikin silinda a kowace daƙiƙa? Amsoshin iri biyu ne. Ko dai a bar inji ya shaƙi iska da kansa amma a sa shi ya yi ta shaƙa da sauri, ko kuma a ɗura masa ita da ƙarfin tsiya.

Mu fara da injin da ke numfashi da kansa. Shi iskar duniya kawai yake samu, wadda nauyinta a bakin teku yake kusan ba 1 a ma'aunin matsin iska. Tunda ba zai iya cika silinda fiye da kima ba, dabarar ita ce a faɗaɗa hanyoyin da iska ke bi a kan silinda, a goge su su yi sumul, a sa manyan bawul, a sa kamshaf mai daɗewa da bawul a buɗe, sannan a ƙara matsi, har fistin ya matse iska da mai zuwa kashi 1 cikin 13 ko 14 na girmansu na farko. Daga nan sai a ƙara yawan juyi. Shahararren misali shi ne injin Cosworth DFV mai silinda 8 da girman lita 3, wanda aka ƙera a Ingila. Ranar da aka fara fita da shi, a tseren Formula 1 na ƙasar Holan a 1967, Jim Clark ya ci tsere da shi. Yana ba da doki wajen 400 a juyi 9,000 cikin minti ɗaya, kuma kafin a daina yayinsa ya ci tsere 155. A ganina ba ƙarfinsa ne ya ba shi wannan suna ba, juriyarsa ce: ƙananan ƙungiyoyi suna saye su ɗaura, su je su dawo lafiya. Zuwa 2006 kuwa, wasu injinan Formula 1 sun taɓa juyi 20,000 a minti.

To ina matsalar? Ku ɗauki biro mu yi lissafi. Juyi 9,000 a minti shi ne juyi 150 a daƙiƙa. A kowane juyi fistin yana tsayawa cik sau biyu, sama da ƙasa, ya juya akalarsa. Ke nan yana tsayawa ya tashi sau 300 a daƙiƙa guda. Ƙarfin da ke fizgar sandar da ta haɗa fistin da karanshaf kuma ba ya ƙaruwa daidai da juyi, ninki yake yi a kan ninki. In ka ninka juyi sau 2, fizgar ta ninku sau 4. Ko daga 6,000 zuwa 9,000 ka matsa, ta ninku sau 2.25. Shi ya sa mai haɗa irin wannan inji yake zama da sikeli kamar mai sayar da gwal, yana auna kowane fistin da kowace sanda, yana kankare giram ɗaya ko biyu har nauyinsu ya zo daidai. Notin da ke riƙe da sandar nan ma ba a ɗaure shi da ka. Ana auna yadda ƙarfen ya miƙe ne bayan ɗauri. In ɗaya ya tsinke a wannan gudu, sandar kan fasa jikin inji ta fito waje.

Bawul ma suna da tasu rigimar. Sifirin ne ke mayar da bawul ya rufe, kuma akwai gudun da in an kai sifirin ba ya iya bin sawu, sai bawul ya yi ta lilo a buɗe har fistin ya taso ya make shi. Kamfanin Renault ya magance wannan a 1986 da ya maye gurbin sifirin ƙarfe da matsattsiyar iska.

Yanzu ga hanya ta biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda gawayi ke yin ja-wur da zarar yaro ya kama zugazugi. Gawayin bai ƙaru ba, iska aka ƙara masa. Haka ake yi wa inji, kuma zugazuginsa iri biyu ne. Sufacaja famfon iska ne da bel ke juyawa daga karanshaf; da ka taka totur yake amsawa, amma yana cin wani kaso na ƙarfin da ya samar. Tobo kuwa da hayaƙin salansa yake aiki: hayaƙin da za a zubar a banza shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya abokiyarta da ke tura iska ciki. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan dabara tun 1905. Farfelar tobo tana wuce juyi 100,000 a minti, kuma in ta ƙara matsin ba 1 a kan na duniya, iskar da ke shiga ta kusa ninkuwa. Akwai kuma dabara ta uku wadda ba famfo ba ce, wato iskar naitiros da ake adanawa a kwalba. Iskar da muke shaƙa kashi 23 cikin ɗari na nauyinta ne oksijin, ita kuwa naitiros kusan kashi 36 ne, kuma tana sakinsa in ta ji zafin cikin silinda. Jamusawa sun yi amfani da ita a jiragen yaƙinsu a Yaƙin Duniya na Biyu. Aibinta shi ne kwalba na ƙarewa, kuma in aka sake ta ba a ƙara fetur daidai da ita ba, fistin kan narke cikin 'yan daƙiƙu.

Abin da ke kashe injin da ake ɗura wa iska ba fizga ba ce, zafi ne da matsi. Kun tuna dokokin iskar gas da muke haddacewa saboda jarrabawa? Ga inda suke aiki. In ka matse iska sai ta yi zafi, kamar yadda bakin famfon keke ke ɗumi a hannu. Iska mai zafi kuma ba ta da kauri, sannan tana sa mai ya kama da wuta ba da izini ba. A ƙa'ida, filogi ne ke kunna wuta, ta bazu a hankali ta tura fistin ƙasa. Amma in zafi da matsi sun yi yawa, ragowar man da ke gefe sai ya fashe da kansa lokaci guda, ya daki kan fistin kamar guduma. Wutar cikin silinda tana haura digiri 2,000, alhali alminiyon da aka yi fistin da shi yana narkewa a wajen digiri 660. Abin da ke kare shi wani siririn labulen iska ne mai sanyi-sanyi da ke manne a jikinsa, kuma wannan fashewa yaye labulen take yi.

Don haka mai haɗa injin tobo yakan yi akasin abin da abokinsa na farko ya yi. Yana rage matsi, sau da yawa zuwa 8 ko 9, don ya bar wa iskar da za a ɗura wuri. Yana sa wani abu mai kama da lagireto tsakanin tobo da inji don ya sanyaya iskar kafin ta shiga. Yana ɗan jinkirta lokacin da filogi zai ba da wuta, ya ƙara fetur ya ɗan haura kima, domin rarar man tana ɗauke zafi. Fistin kuma ba na zubi ake sawa ba, irin yadda ake zuba narkakken alminiyon a yi tukunya. Na ƙira ake sawa, wanda aka danne ƙarfensa da matsi mai tsanani har ya yi tauri, domin shi ya fi jure duka ba tare da ya farfashe ba. Wani abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ringi. Kowane ringin fistin yana da 'yar tsaga, kuma a injin tobo ko na naitiros da gangan ake goge ta ta ƙara faɗi. Dalili? Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi. In tsagar ta yi kaɗan, bakunan ringin za su haɗu, ba su da wurin zuwa, sai su ɓalle kan fistin. Tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba ita ce tsakanin cin kofi da jan mota da igiya.

Renault ta ɗanɗana kuɗarta kafin ta koyi wannan darasi. Da ta shigo da tobo Formula 1 a 1977, motarta ta riƙa tsayawa tana tuƙa farin hayaƙi, har Turawan Ingila suka yi mata laƙabi da butar shayi rawaya. Sai a 1979 Jean-Pierre Jabouille ya ci mata tseren farko a Dijon ta Faransa. Ba a daɗe ba kowa ya bi sahu. Injin BMW mai silinda 4 da girman lita 1.5 kacal ya haura doki 1,000 a tsakiyar shekarun 1980, amma a zagayen neman gurbi kaɗai ake sakar masa wannan ƙarfi, a yi zagaye kaɗan a sauke shi. A ranar tsere rage matsin ake yi don ya kai ƙarshe. An hana tobo daga 1989, sai a 2014 ya dawo.

A nan za ku gane cewa kalmar juriya ba ma'anarta ɗaya ba. Injin nan mai doki 11,000 na motocin tseren miƙe ne na Amurka da ake kira Top Fuel. Girmansa lita 8.2, yana da sufacaja, kuma ba fetur yake sha ba, wani sinadari ne mai ɗauke da nasa oksijin. Yana cinye mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa 4, gudunsa ya haura kilomita 500 a awa. In yana juyi 8,000 a minti, duk tseren bai wuce juyi 550 ba, kuma bayan kowane gudu sai an kwance shi an duba an sake haɗawa. Shi wannan, in ya kai daƙiƙa 4 lafiya ya cika alkawari. Ku gwada shi da motar tseren Le Mans a Faransa, wanda ake yi awa 24 ba tsayawa sai shan mai da canjin taya da direba tun 1923. A ce injinta yana juyi 6,000 a minti, kafin a tashi ya yi juyi fiye da miliyan 8. Mai haɗa wannan dole ya haƙura da wani ƙarfin don ya ga wayewar gari.

Duka biyun sun dogara ne da baƙin mai. Karanshaf ba ya taɓa mital ɗin da yake kwance a kai. Yana yawo ne a kan shimfiɗar mai da kaurinta bai kai silin gashi ba. In mota ta sha kwana da gudu, man da ke kwanon ƙasa yakan koma gefe guda, famfo ya zuƙi iska, cikin ƙiftawar ido inji ya buga. Shi ya sa motocin tsere ke ajiye mai a tanki na daban, famfuna na kwashe shi daga ƙasan inji suna mayarwa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce mital, don haka ɗakin da ake haɗa irin wannan inji ya fi kama da ɗakin gwaje-gwajenmu a ranar da baƙi za su zo, ba garejin bakin titi ba. Bayan an haɗa kuma sai an ɗaura shi a kan na'urar awon ƙarfi an yi ta gwada shi kafin ya ga mota.

Duk da wannan taka-tsantsan, ƙaramin abu na iya rusa aikin shekara. A Le Mans ta 2016, motar Toyota mai lamba 5, Kazuki Nakajima na tuƙi, ita ce a gaba bayan kusan awa 24. Saura 'yan mintoci a tashi sai ƙarfinta ya zube, ta tsaya a gaban 'yan kallo, Porsche ta wuce ta ɗauki kofi. Da aka bincika, fistin lafiya, karanshaf lafiya. Mahaɗin bututun iska ne tsakanin tobo da na'urar sanyaya iska ya saki. Sai a 2018 Toyota ta ci wannan tsere a karon farko.