Yadda A Ke Cika Batirin Litiyam A Cikin Mota

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostireliya akwai wata irin mota da a ke gyara cikinta kamar ɗaki, da gado da murhu da fitila da ɗan firji. Mai ita ya kan kwashi iyalinsa su shiga daji ko bakin teku, su yi kwana da kwanaki ba su nemi masauki ba. Irin wannan mota batir biyu gare ta. Na ɗaya shi ne na tada inji, wanda kowace mota ke da shi. Na biyu kuwa suna ce da shi batirin gida, don shi ke ba fitila da firji wuta in an kashe inji. An raba su ne don kada firji ya shanye wuta da dare, gari ya waye mota ta ƙi tashi.

Wannan dabara ta na da amfani ga wasu ban da masu yawon shan iska. Falke mai akori-kura da ke ɗaukar nono ko kifi a firji, da malamin dabbobi mai yawo da allurar rigakafi wadda ba ta son zafi, da manomin rani da ke tarewa a fadama wata uku, duk bukatarsu ke nan. Yanzu kuwa batirin litiyam ya shigo kasuwa, mutane suna saye da kuɗi masu yawa, sa'an nan su ɗaura shi yadda su ka saba ɗaura na dalma. A nan ne hasara ta ke.

Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam mai caji a 1991. Irin da a ke sa wa a mota shi ne wanda a ke rubuta LiFePO4 a jikinsa, wanda John Goodenough da abokan aikinsa su ka bayyana a Jami'ar Texas a 1997. Ya fi irin na wayar hannu wuyar kama wuta. A cikinsa akwai ɗakuna huɗu, kowane mai bolt 3.2, watau 12.8 ke nan gaba ɗaya. Mai amfa 100 nauyinsa wajen kilo 12 ne, alhali na dalma mai wannan girma ya kusa kilo 30. Na dalma ba a son a sha fiye da rabin wutarsa, shi kuwa wannan a na iya shan kashi 80 cikin 100 ko fiye, a cika a sha sau dubbai kafin ya gaji.

To, amma halinsu wajen shan wuta ya bambanta ƙwarai. Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya san laka da jigawa. Laka ta kan sha kaɗan kaɗan, in ta fara ƙoshi sai ruwa ya kwanta a kanta. Haka batirin dalma ya ke, yana cika yana rage abin da ya ke karɓa, shi da kansa. Jigawa kuwa ko nawa a ka sako mata sai ta haɗiye. Batirin litiyam ke nan: muddin bai kusa cika ba, duk abin da a ka ba shi karɓa ya ke yi.

Abin da ke ba da wuta a mota shi ne dainamo, wadda masu rewaya ke kira altaneta. An yi ta ne don ta mayar wa batirin inji ɗan abin da ya kashe, ta kuma riƙe fitilu. In an jona mata batirin litiyam kai tsaye, sai ya ja iyakar ƙarfinta sa'a da sa'a ba hutu. Mafi muni shi ne a bar inji yana aiki mota na tsaye, domin fankar da ke sanyaya dainamo da gudun inji ta ke juyawa. Inji na tafiya a hankali, iska kaɗan, aiki kuwa mai yawa, sai wayoyin cikinta su ƙone. Direba ba ya jin kome sai ƙauri. Har wa yau, a cikin batirin akwai wani ɗan allo mai gadi da a ke kira BMS, wanda ke yanke hanya farat ɗaya in ya ga abin ya yi yawa. In ya yanke dainamo na tsakiyar aiki, ƙarfin wuta ya kan yi tsalle ya lalata ta, ko ya taɓa sauran kayan lantarkin mota.

Maganin wannan shi ne a sa wani akwati tsakanin batirin inji da na gida, a na ce da shi cajar DC-DC. Aikinsa kamar na ƙofar ruwa ne a bakin fangali: abin da a ka ƙayyade kaɗai ke wucewa, ko amfa 20, ko 30, ko 50. Ya na kuma daidaita ƙarfin wuta zuwa abin da litiyam ke so, watau bolt 14.2 zuwa 14.6, wanda sababbin motocin Turai ba su riƙe shi kullum, don dainamonsu ta kan sassauta saboda tsimin mai. Ga lissafi: batir mai amfa 100 da ya rage saura kashi 20, caja mai amfa 30 za ta cika shi cikin sa'a uku ba kaɗan, kamar tafiyar Kano zuwa Kaduna. Mai ƙaramar mota kada ya yi kwaɗayin babbar caja, ya fara tambayar ƙarfin dainamonsa tukuna. Lalle ne kuma wayar ta zama mai kauri, a sa fis kusa da kan kowane batir. Siririyar waya ta kan kawo gobara a irin wannan aiki.

Hanya ta biyu ita ce rana, kuma ga wanda zai daɗe a wuri ɗaya ita ta fi. Faifan sola mai wat 200, in ya sami rana mai kyau ta sa'a biyar, ya kan ba da kusan kashi biyu cikin uku na abin da batir mai amfa 100 ke ɗauka. Shi ma ba a jona shi kai tsaye, sai ta kwantarola, a kuma juya ta zuwa wurin da a ka rubuta litiyam. Da hunturu a riƙa share ƙura daga faifan kowace safiya.

Cajar gida ta batirin dalma kuwa, a yi hankali da ita. Waɗansu su kan ɗaga wuta lokaci lokaci ta wuce bolt 15 don su motsa ruwan batir. Wannan gyara ne ga dalma, ga litiyam kuwa ɓarna ce, domin ɗaki guda ba ya ɗaukar fiye da bolt 3.65.

Turawa babban abin tsoronsu sanyi ne. In sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa, ba a cajin wannan batir, don litiyam ya kan taru a jikin farantin ciki, ba kuwa ya gyaruwa. A ƙasar Hausa zafi ne abin kula. Masu ƙera shi yawanci sun tsai da iyakar caji wajen digiri 45, a Sakkwato da Maiduguri kuwa inuwa ma ta kan wuce 40 da bazara, balle cikin mota da a ka rufe a rana. Sabo da haka kada a ajiye shi kusa da inji ko salansa. A nema masa wuri ƙasa ƙasa inda iska ke ratsawa, a ɗaure shi tam don gargada.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne awo. Batirin dalma in a ka gwada ƙarfinsa a kan san abin da ya rage. Na litiyam kuwa ya kan tsaya wajen bolt 13.2 ko 13.3 ko yana da yawa ko ya yi rabi, sa'an nan ya faɗi gaba ɗaya a ƙarshe. Mai kifi a firji ba zai so ya gane haka da tsakar dare ba. Gara ya sayi ɗan agogon nan mai ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fita.

In an gama aikin rani za a jingine shi har wata shekara, ba a barinsa cike maƙil, ba a kuma barinsa wayam. A bar shi da kamar rabi, a kwance wayoyinsa, a sa shi a ɗaki mai sanyi, a duba shi bayan wata uku uku.