Kuɗin albasa: lambar 1 260 000

Galmi tana cikin jihar Tawa, bakin babbar hanya, gabas da Birnin Ƙonni da Malbaza. Albasarta ta yi suna har Abijan.

Wata rana manoma tara suka haɗa albasarsu, kowa ya kawo buhuna daidai da na ɗan'uwansa. Wani ɗan kasuwa ya saye ta tamma 1 260 000. Babbansu ya ce: «Kuɗin nan za su rabu tara daidai? In aka samu saura, sai rigima.» Ɗansa, ɗan makaranta, ya dubi takardar ciniki, ya ce: «Baba, za su rabu, ba saura.» Bai ko taɓa allo ba. Yaya ya gane?

1. Karanta lamba

Ana raba alƙalumanta uku uku, daga dama zuwa hagu: 1 / 260 / 000. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da sittin ke nan. A kasuwa, tamma biyar dala ce, tamma dubu kuma jikka ce. Kuɗin manoman jikka 1 260 ne, wato dala 252 000.

2. Alamomin rabuwa

Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 cika ce, tana rabuwa da 2. Sauran mara ne. Lambar nan cika ce.

Ta ƙare da sifiri: tana rabuwa da 5 da 10.

Ta ƙare da sifiri uku: tana rabuwa da 4 da 8, domin 1 000 = 8 x 125.

A tara alƙalumanta: 1 + 2 + 6 = 9. Saboda haka tana rabuwa da 3 da 9. Abin da yaron ya duba ke nan. Kowane manomi ya samu tamma 140 000.

Tana rabuwa da 2 da 3, don haka tana rabuwa da 6.

Ga 7, sai an gwada: 7 x 180 000 = 1 260 000.

3. Tushen lamba

Akwai lambobin da ba su rabuwa sai da 1 da kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11. Lambar nan ba ta cikinsu. Daga 2, 3, 5 da 7 aka ninka ta, babu 11 a ciki. Da manoman goma sha ɗaya ne, da kowa ya samu tamma 114 545, a bar saura dala ɗaya.

Aiki

1. Dala nawa kowane manomi ya samu?
2. Faɗin ƙasar Nijar murabba'in kilomita 1 267 000 ne. Ku rubuta lambar da kalmomi.
3. Cika ce ko mara? Tana rabuwa da 3? Don me?