Daidaita Gidajen Saƙar Kwarashi Kafin Haɗawa

Kwanakin baya wata ɗalibata ta ajin matan aure a nan Gumel ta kawo mini bargon jariri da ta saƙa gida-gida, ranta a ɓace. Gida 36 ta yi, amma da ta haɗa sai bargon ya karkace, mai shi ta ce ba ta karɓa, ga suna saura kwana uku. Saƙar ba ta da laifi. Hannu ne ba ya zama ɗaya: gidan da kika yi da safe da wanda kika yi da dare a gajiye ba sa zuwa daidai, dole sai an daidaita su.

Ki samu kwali mai kauri ko tsohuwar katifar soso. Ki auna gidan da ya fi girma, misali santimita 15, ki zana girmansa da rula, domin ƙarami ake ja ya kamo babba. Sai ki shimfiɗa farar leda a kai kada tawada ta kama zare.

In zaren auduga ne, ki jiƙa shi minti 15 a ruwan sanyi. Kar ki murɗe, ki naɗe a tawul ki danna. Ki kafa kusurwa huɗun da fil a kan zanen, sannan tsakiyar kowane gefe. Fil ɗin ya zama marar tsatsa, don tabon tsatsa a farin zare da wuya ya fita.

To amma yawancin ulun da muke samu, ko a nan ko a kasuwar Maigatari ran Alhamis, na roba ne, ruwa kaɗai ba ya ladabtar da shi, sai tururi. Ki kafa shi a bushe, ki rufa masa jiƙaƙƙen ƙyalle, ki shafi ƙyallen sama-sama da dutsen guga. Ban da dannawa, don Allah! Zafi na narka ulu, ya yi lakwas yana ƙyalli, kuma ba gyara. Mai dutsen gawayi ta kula da toka.

A ɗaka za ki bar su su bushe sarai kafin ki cire fil, musamman da hunturu, in ba haka ba ƙura ta rine miki su.

Ɗalibar tawa dai warware haɗin ta yi, muka kafa gidajen a katifa biyu. Ana gobe suna ta kai kayan, aka biya ta.