Darasin wannan wata: turare hawa uku gare shi

Ga abin da muke yawan gani. Ranar alhamis mutum ya shigo Damagaram daga Mirya ko Magarya, ya tsaya gaban mai turare a kasuwar Dole. Aka buɗe masa kwalba, ya shaƙa, ya ji daɗi, ya biya. Kafin ya kai tasha ƙamshin ya canza. Sai ya ce an cuce shi. Wani lokaci an cuce shi ɗin, amma sau da yawa halin turare ne bai sani ba.

Turare haɗi ne, kuma kayan haɗin ba su tashi tare. Mu ɗauki irin wanda ake haɗawa da lemu da fure da itace.

Na fari lemu ne. Murza ɓawon lemun tsami a hannunka, za ka ji shi da kaifi. Shi ke tarbar hanci in an buɗe kwalba, amma baƙo ne mai sauri. Minti 15 ya yi sallama.

Na biyu fure ne, kamar wardi da yasmin. Yana zama sa'a 2 zuwa 4. Man fure na gaske tsada gare shi: sai an tara furen wardi kamar kilo 3000 kafin a sami kilo 1 na mai. Saboda haka na kwalba mai araha a masana'anta aka kwaikwaye shi. Ba laifi ba ne, sai dai kada a karɓi kuɗin na gaske a hannunka.

Na uku itace ne, kamar sandal na ƙasar Indiya, wanda sai ya wuce shekara 15 zuciyarsa ke yin ƙamshi sosai. Shi ne mai nauyi, shi ke kwana a riga. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan. Dubi humra da turaren wuta: sandal, hawi, kajiji, farce. Duk masu daɗewa ne. Mun yi tarayya da Barno a wannan sana'a, kuma zamanin Sarki Tanimun (1851-1884) ayarin Tarabulus na sauke turare a garin nan. Bintu Sudan ma, da aka fara haɗawa a Landan a 1920, daga baya a Kano, da mai aka yi shi, ba alkol, shi ya sa ba ya saurin tashi.

To, yaya za a saya? Ɗiga kaɗan a bayan hannunka, kada ka biya tukuna. Je ka sayi gishiri da sabulu. Bayan rabin sa'a ka sunsuna. Abin da ka ji, shi ne abin da za ka kai gida. A fatarka za ka gwada, don zufar kowa daban take, kuma kada ka gwada fiye da iri 3, hanci na gajiya.

A gida a ɓoye kwalba cikin akwati. Zafin Afrilu da Mayu ya kan wuce awo 40, kuma lemun ke fara lalacewa. Mai alkol yana kama wuta: kada amarya ta fesa shi kusa da kasko.

Lissafi: kwalbar dala 100 ta yi kwana 10, ta dala 240 ta yi kwana 30. Wacce ta fi araha a kwana guda? A kawo amsa wurin malamin yaƙi da jahilci.